Tandu Mara Baki

Ranar sadakar ukun Kaka, da hantsi, na ɗebo ruwa a moɗa, na durƙusa na miƙa wa uwar maƙwabcinmu, tsohuwar da ta sha goya ni ina ƙarama. Ba ta karɓa ba. Ta dubi moɗar, ta dubi hannuna, sai ta mayar da nata hannuwan cikin mayafi ta ce ba ta jin ƙishirwa. Bazara ce fa, kuma da rana ta shigo. Na matsa ga ta kusa da ita, ita ma ta kau da kai. Na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya har ƙofar ɗakin Gwaggo, moɗar ta dawo cike kamar yadda na ɗebo ta.  Ban san abin da na yi ba, amma na gane an riga an gama magana a kaina.

Kwana biyun farko ba haka gidan yake ba. Tun da aka kai shi makwancinsa mutanen Bungudu da na kewaye ke shigowa, kowa da abin da ya riƙe na Kaka. Wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nononta a ƙofar gida ta shigo da kuka, ta ce tandun man shanun da ya yi wa uwarta har yau bai yi yoyo ba, ga uwar ta tafi, mai tandun ma ya bi ta. Majeman Gusau da yake karɓar fata a wurinsu sun zo a kan jakuna, babbansu ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke shinshina fata kafin ya gaida mai ita ba sai shi. Aka yi dariya da hawaye a fuska. Tsofaffin unguwa suka ce yanzu wa zai riƙa tashin su da asuba, tunda shi ne ladan tun kafin zuwan Nasara. Ni kuwa kowace mace ta shigo sai ta dafa kaina ta ce, "Sannu da rashin miji," don kowa ya san irin wasan jika da kaka da ke tsakaninmu.

Ran na uku duk wannan ya ɗauke. Aka fito da gumbar sadaka, ba wadda ta miƙa hannu, don an ga ni na kirɓa ta. Muryoyin maza a zaure suka yi ƙasa. Wata mata ta janye ɗiyarta daga inuwata.

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta ja ni bayan rumbu. 

"Ke, mi kunka aza bisa rumfa, ke da Baba?"

Na ce, "Wayyo, sun taɓa shi? Bai bushe ba!"

Ta toshe mini baki da tafin hannunta. "Kin ji ki ko? Haka za ki ce gaban mutane?"

Ashe da safe maza sun hau rumfar aikin Kaka don su sauko da tabarmi, baƙi sun yi yawa. A ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma suka tarar da shi: abu mai nauyi, tsawonsa ya kusa kamu biyu, an lulluɓe shi da fata ko'ina, ga ciki kumburarre, ga wuya siriri dogo. A gefensa zare, an yi masa ƙulli-ƙulli. Matar maƙwabcinmu kuwa tun girbin gero take kwance, cikinta ya kumbura, wuyanta ya rame kamar kara. Ba wanda ya buƙaci a haɗa masa biyun.

Kafin in faɗi yadda ta ƙare, bari in faɗi wane ne mutumin da aka daina yi wa addu'a rannan. Dalilin ɗaukar alƙalamina ke nan. Arba'in ɗinsa bai cika ba tukuna, har yanzu in na miƙa wa mutum ruwa sai na tsura wa hannunsa ido, kuma ina tsoron a garin nan abin da aka gani a kan rumfa ya rufe duk sauran abin da ya kasance.

Kaka mai tandu ne, ɗan masu tandu. Zai gina siffar da yumɓu ya bar ta ta sha iska, ya jiƙa fata ya kankare ta, a kirɓa ta a turmi har ta yi laushi, sannan ya riƙa manna ta a jikin yumɓun kaɗan-kaɗan, yana lailayawa da babban yatsa. In ta bushe sai ya zura tsinken ƙarfe ta bakin tandun ya farfasa yumɓun ya zazzage. Ba ya taɓa ƙidaya kwanakin shanya. Ƙwanƙwasawa yake yi da bayan yatsa, ya kara kunne. In abin ya yi dum, sai ya ce, "Bai yi magana ba," ya mayar da shi rana. Komai ma haka yake yi masa: kabewa, ƙofar rumbu, goshina. Ranar da aka ɗaura mini aure ya ƙwanƙwasa goshina a gaban mata ya ce, "Ɗanya ce har yau. Ku gaya wa wancan ɓarawon da ya ƙwace min mata ya riƙa shanya ta."

Uwargida yake kirana. In na kawo masa tuwo sai ya ce, "Uwargida, wanga tuwo ko jifa?" In ce, "In bai yi maka ba, tsoho, ka ƙaro aure mu gani wa za ta yarda da warin fata." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Shi ya raine ni, don uwata ta rasu ban san fuskarta ba. Ita baƙuwa ce daga ƙauyukan duwatsun Tsafe, ba ta da kowa a Bungudu, abin da ban san yana da nauyi ba sai ranar sadakar uku. Da na sauke allo, mutane suka ce ya isa haka ga mace. Kaka ya aza ni a jaki ya kai ni Gusau wurin wata malama, na yi shekaru ina karanta littattafai a hannunta, na koyi rubutu sosai. Shi kansa bai iya rubuta ko sunansa ba, abin da ya haddace da ka yake salla da shi. Ya yi mini ɗan tandun tawada, ƙarami kamar ƙwan zabo, ya ce, "In kin iya, ki zo ki rubuta min abin da za ni gaya wa Mala'iku, kar in ruɗe." A cikin wannan tandun nake tsoma alƙalami yanzu.

Amma ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da zuciya, kuma in ya yi fushi ba ya waiwaye.

Babana makaɗin gurmi ne. Ba gado ya yi ba, so ne kawai ya kama shi. In an yi girbi shi ke kaɗa wa 'yan kokawa, har daga Wanke ake aiko masa. Ƙanen Kaka, wanda muke kira Baba Liman don shi ke jan salla a masallacin unguwa, ya yi ta zuwa yana cewa abin kunya ne: uba na kiran salla, ɗa na kiran samari fage. Wata rana da yamma, ina da shekara shida, babana na zaune a tsakar gida yana ɗaure tsirkiya, Baba Liman ya fita ke nan. Kaka ya taso daga rumfa, ya fizge gurmin ya jefa shi bayan darni. Na ji ƙarar ƙwaryar gurmin da ta bugi ƙasa. Babana ya dubi uban nasa, ya dube ni, ya tashi ya fita ɗauko shi. Na zauna ina jiran ya shigo. Bai shigo ba.

Tun daga ranar sunan babana bai sake fita daga bakin Kaka ba. Muna jin labari yana Tsafe. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da masu aikin hanyar jirgin ƙasa suka cika garin, aka aiko cewa zazzaɓi ya kashe shi. Kaka ya ji, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya koma kan turminsa. Sai dai washegari da asuba kowa a unguwa ya ji kiran sallar ya tsaya a tsakiya, ya daɗe, kafin ya ci gaba.

A ranin bana mijina ya bi fatake kudu, ya kawo ni gida in zauna, ina da ƙaramin ciki. Wata safiya Kaka ya ce in shirya, za mu kai tandaye kasuwar Tsafe. Na ce, "Tun yaushe kake cin kasuwar Tsafe?" Ya ce, "Uwargida ba ta tambayar miji inda za shi." Kwana biyu muka yi a hanya, muka yada zango a Gusau. Da muka isa bai ko kwance kaya ba. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan wani tsohon ɗan kokawa, aminin babana, wanda a ɗakinsa ya cika.

Gurmin na rataye a jikin bango. Kyankyasai sun fara cin gefen fatar. A jikin ƙwaryar akwai tsaga doguwa da aka ɗinke da zare, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana. Kaka ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya san inda tsagar ta samo asali.

Ya ce, "Ka ba ni shi."

Ɗan kokawar ya miƙe, kansa na taɓa rufin ɗaki. "In ba ka? Ka ƙarasa abin da ka fara? Tsoho, da ba don furfurarka ba da na ɗaga ka na aje waje, kai da jakinka."

"Gara za ta cinye shi nan."

"Gara ta fi ka amana. Ita ba ta jifa."

Na ɗauka Kaka zai tashi da fushi. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, bari in auna shi. Za ni yi mishi gida, wanda ko jaki ya taka ba ya fashewa. Ran da ka ga gidan, in ya yi maka, ka ba ɗiyarshi. Ba ni ba."

Ɗan kokawar ya dube ni, ya ce, "Sai na ga gidan."

Ba mu zo da abin awo ba. Na warware zaren da nake kaɗi a hanya daga jikin mazari. Kaka ke miƙa zaren, ni ke ƙullawa: ƙulli ɗaya a tsawon gurmin, ɗaya a inda wuya ya haɗu da ƙwarya, ɗaya faɗin ƙwaryar, ɗaya zurfinta. Kowane awo sai ya ƙara yatsa biyu, ya ce wurin auduga ne, kar ya kwana a kan tauri.

Da muka dawo ya ce kar kowa ya sani, musamman ƙanensa. Kunya yake ji. Mutumin da ya kori ɗansa a kan gurmi, a gan shi yana gina wa gurmi ɗaki? In Gwaggo ta tafi rafi sai mu hau aiki. Ni na kwaɓa yumɓun, shi ya gina siffar yana gwadawa da zaren. Ni na kirɓa fatar, ya ce a yi ta da kauri fiye da ta kowane tandu da ya taɓa yi. Kafin ya manna ta farko ya miƙo mini wani ɗan guntun farar fata.

"Rubuta."

"In rubuta mi?"

Ya mai da ido kan turmi. "Kin san sunan."

Na rubuta sunan babana. Ya karɓa da hannu biyu, ya kifa shi a kan cikin yumɓun, ya rufe da fata. A daidai lokacin Gwaggo ta shigo da tulu a ka, ta ga ina goge alƙalami, ta wuce randa.

Da ya gama lulluɓewa na ga bai bar ko'ina a buɗe ba. Na ce, "Tsoho, tsufa ya ci ka. Ka manta baki. Ta ina yumɓun zai fita?"

Ya ce, "Wanga ba zuba mishi za a yi ba, kwantar da abu za a yi ciki. In ya bushe a yanka shi ta gefe, inda cikin ya fi faɗi, a bi har wuya a zagayo, a bar taƙi guda ba a yanka ba, ya zama marfi. Amma sai ya yi magana. In anka yanka shi ɗanye, lanƙwashewa zai yi, ko kara ba ya shiga."

Ya aza shi a kan rumfa. Kwana kaɗan bayan haka ya faɗi a bakin masallaci bayan azahar. Kwana uku ya yi a kwance. Maganarsa ta ƙarshe da ni ba wasiyya ba ce irin ta mutane. Ya ce, "Uwargida, ki riƙa buɗe mishi tabarma ya sha rana."

Ran sadakar uku, bayan azahar, aka kira ni zauren Baba Liman. Abin yana tsakiya a ƙasa, kowa ya ja baya da shi. Maƙwabcinmu na tsaye, idonsa jawur. Ba mugun mutum ba ne. Wata biyar yana kallon matarsa na narkewa.

Ya ce, "Malam, kai ɗan masu tandu ne. Ka taɓa ganin tandu ba baki? Abin da anka rufe ba baki, ba a son ya fito ne. Kurwar matata ce ciki. Ga zaren da sunka ƙulle ta da shi."

Uwarsa ta ɗaga murya daga ƙofa: "Tsohon bai san komi ba, ita ta ja shi. Wa ya san dangin uwarta? A tambayi gwaggonta ko ba ta ga an rubuta suna ba!"

Aka juya ga Gwaggo. Ta fashe da kuka ta ce ta ga alƙalami, ita dai abin da ta gani ke nan.

Na ce, "Gidan gurmi ne. Gurmin babana."

Wani ya yi dariya. Wani ya ce, "Ladan da gurmi? Ki nemo wata ƙaryar." Baba Liman ya dube ni, fuskarsa a murtuke. "Yayana da hannunshi ya jefar da gurmi, kowa ya sani. Kar ki aza mishi abin da ba ya iya tashi ya kare."

Abin da suke so biyu ne. A ƙona abin, sannan a kai ni in tuɓe in tsallake mara lafiya, kamar yadda ake sa mayya ta yi don ta saki kurwar da ta kama. Na san abin da hakan ke nufi. Wadda ta tsallake ta amsa. Aurena ya mutu, kuma tunda an ce maita a nono ake shan ta, abin da ke cikina ya gama samun suna tun bai fito ba. In kuma aka ƙona abin, shaidata ta zama toka.

Baba Liman ya ce, "In gaskiya gare ki, a kawo wuƙa a buɗe yanzu."

Na ce, "A'a."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Ni kaina na ji yadda kalmar ta fita. Amma in an yanka shi ɗanye ya lanƙwashe, ko an kawo gurmin ba zai shiga ba, sunan kuma zai dame da yumɓu. Na ce, "Bai bushe ba, Baba. Bai yi magana ba."

"Kun ji! Jira take ya yi magana!"

Baba Liman bai bi ta kansu ba. Na ga maganar ta taɓa shi a wani wuri, don a rumfa ɗaya suka tashi shi da Kaka, a bakin uba ɗaya suka ji ta. Ya sauko daga buzunsa, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa abin da bayan yatsa. Dum.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "Zuwa sadakar bakwai. A je Tsafe a zo da gurmin, in akwai shi. Yarinya ta zauna gidana. Wanga abu kuma ba mai taɓa shi sai ni."

Maƙwabcinmu ya ce, "In matata ta mutu kafin nan fa?"

 Baba Liman ya miƙe ya sallami mutane.

Gwaggo ce ta ce ita za ta Tsafe. Ta ɗaura ɗamara a kan zane, ta ja jakin Kaka, mijinta na bin ta a baya yana cewa ta tsaya ya ɗauko takalmi. Ba ta dube ni ba da za ta fita.

Kwana huɗun nan ban san yadda zan rubuta su ba. Matar Baba Liman ta ware mini moɗa da akushi, in na gama ta tura su da ƙafa zuwa gefe. Ba ta zage ni ba, har tana cewa in ci don abin da ke cikina. Kowace safiya kunnena na gidan maƙwabcinmu. In na ji an ɗaga murya sai in ɗauka kukan mutuwa ne, sai in ji ashe akuya ake kora. Ran na biyu wani ya jefo dutse ta kan darni. Ran na uku hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, garin duka na roƙon ruwa, ni kaɗai ke roƙon kar ya sauko, ina neman gafarar Allah a kan roƙon nawa. Iska ta watsa shi. A ranakun nan na yi fushi da Kaka, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, kunyarka ta fi ƙarfin ka gaya wa ƙanenka, ga shi ka tafi ka bar ni da ita.

Abu ɗaya ya riƙe ni. Kowace hantsi ina hango Baba Liman ta ƙofar ɗaki, ya tattare babbar rigarsa, ya rungumo abin da kowa ke gudu, ya kai shi tsakiyar rana. Da yamma ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, kamar yadda yayansa ke yi. Bayansu ma iri ɗaya ne.

Ran sadakar bakwai mutane sun fi na jana'iza yawa. Mara lafiya na da rai. Aka yi addu'a gajeriya, amin ɗin ma ba ƙarfi. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, ba Gwaggo. Uwar maƙwabcinmu ta riga ta sa an share ɗakin da za a kai ni. Sai bayan an sallame azahar muka ji kukan jaki. Gwaggo ta shigo, ƙafafunta sun faffashe, ɗan kokawar na biye da ita, ya matse wani buhu a hammata.

Baba Liman ya ce, "Bawan Allah, buɗe mu gani."

Ɗan kokawar ya zauna ya ɗora buhun a cinya. "Ba ni buɗewa. Na gaya wa tsohon, sai na ga gidan. Mutuwarshi ba ta canza magana ba."

"Rayuwar yarinya ce fa."

"To ku nuna min gidan. Ku mutanen garin ga kun iya jifa, ban sani ba ko kun iya wani abu."

Aka kawo abin. Baba Liman ya ƙwanƙwasa. Wannan karon ƙara ya yi, siririya, kamar an buga busasshiyar ƙwarya. Ya ciro wuƙar aikin Kaka ya miƙo mini. "Ke anka gaya wa inda za a yanka."

Ban taɓa yanka tandu ba.  Na nemi inda cikin ya fi faɗi, na yi bisimilla, na danna. Tauri kamar itace. Na bi gefe har wuya, gumi na shiga mini ido, mata na ja da baya suna salati, wata na cewa a kauce kar abin ya fito ya shiga wani. Na zagayo, na bar taƙi guda. Na sa yatsu na ɗaga.

Yumɓu ne, busasshe, ya tsattsage. Na farfasa shi da gindin wuƙar na kwashe da hannu. Abin ya tsaya da siffarsa, bai lanƙwashe ba, ciki sumul. A cikin marfin ga ɗan guntun farar fata manne, rubutun ya fito sarai.

Maƙwabcinmu ya ce, "Ga sunan nan! Malam, karanta!"

Baba Liman ya sunkuya. Leɓɓansa suka motsa, murya ba ta fito ba. Aka ce ya ɗaga murya. Sai ya faɗi sunan babana, sunan da shekara goma sha uku ba a ambata ba a gidanmu. Ya sake faɗinsa, ba wanda ya tambaye shi.

Ɗan kokawar ya taso. Ya zagaya gidan gurmin, ya ɗaga shi ya jinjina, ya rufe marfin, sannan ya ɗora ƙafa ya hau kansa da dukkan nauyinsa. Mutane suka yi ihu. Gidan bai ko motsa ba. Ya sauka ya ce, "Tsohon banza, ashe ka iya." Ya kwance buhun, ya fito da gurmin, ga tsagar, ga ɗinkin, ya kwantar da shi a ciki. Ya shige kamar a nan aka haife shi. Na sa yatsu biyu a gefen ƙwaryar, suka shiga daidai. Wurin auduga.

Maƙwabcinmu ya durƙushe ya rufe fuska. Na tausaya masa, don shi bai sami abin da zai warkar da matarsa ba. Uwarsa ta ja mayafi ta fita.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da warin fata a hannu da kiran salla a maƙogwaro. Ya yi jifa sau ɗaya, ya kwashe shekaru yana jin ƙararta. Ka yalwata masa makwanci fiye da yatsa biyu, ka shimfiɗa masa abin da ya fi auduga laushi, ka haɗa shi da ɗansa a inda kunya ba ta hana magana.

Rana ta karkata, inuwar zauren ta kai bakin rijiya, la'asar ta kusa. Baba Liman bai tashi daga gaban gurmin ba. Can ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, ɗebo min ruwa."

Na je randa. Na ɗebo a moɗa. Na durƙusa na miƙa. Ya karɓa a gaban maza da mata, ya kafa kai ya shanye, har ya kifa moɗar don a gani.

Ya ce, "Ku shaida. Wanda ya sake kiranta da wancan suna, da ni yake."

Sannan ya mayar mini da moɗar, babu ko ɗigo a ciki. Ya miƙo bayan yatsansa ya ƙwanƙwasa goshina sau biyu, a hankali.

"Ɗauki kayan ubanki ki shiga gida. Ba mai taɓa ki."